Waina Shara-shara a Al Sadd

Har yau in na ga mutum yana tsinka ƙullu da ruwa sai na tuna Baba. Mu uku muke zaune a gidan da kamfani ya kama mana a Al Sadd, hawa na uku a wani tsohon bene da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Kamfani ɗaya ya kawo mu Doha, ya rarraba mu wuraren aiki. Ni direba ne, mutumin Zariya. Akwai wani Bakano, ƙato, mai gadin wani kanti, wanda ban taɓa ganin ya bar loma a kwano ba. Sai Baba, dattijo daga Zangon Kumasi, mai gadi a filin jirgin sama. Bai haifi ko ɗaya daga cikinmu ba, amma shi ke tashinmu sallar asuba, shi ke raba nama, shi ke yanke hukunci a kan wanda ya bar takalmi a tsakiyar hanya.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce 'yar ƙasar Iceland. Ɗanta ne ya ɗauko ta, wani dogo mai jan gemu da ke gyaran jirage, wai sanyin ƙasarsu ya fara cin gwiwoyinta. 'Yar ƙarama ce, a bushe ƙamas, in ta fito zubar da shara sai ka ce rigar ce kawai ke tafiya. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma ta ɗaga hannu ce.

Wata rana lif ya mutu, Baba ya dawo daga aiki ya tarar da ita a gindin matattakala ita da babbar gorar ruwan sha, tana kallon gorar, gorar na kallonta. Ya saɓa gora a kafaɗa ya hau da ita har ƙofarta. Washegari da la'asar sai muka ji ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga tsohuwa riƙe da farin faranti mai zanen shuɗin furanni, an jera wasu abubuwa a nannaɗe kamar ƙananan tabarmi, ƙamshin bota na tashi da wani ƙamshi irin na gahawar Larabawa.

Da yake ni ne mai ɗan Turanci a gidan, Baba ya zunguro ni daga baya in tambaya ko babu alade, ko babu giya. Ta yi murmushi ta lissafo da yatsu: fulawa, ƙwai, madara, bota, sukari. Ta faɗi sunan abin da yarensu, suna mai tsawo da ba wanda ya iya maimaitawa a cikinmu. Tun daga ranar muka raɗa masa wainar Mama.

Tana tafiya Bakano ya warware guda, ya juya ta gaba da baya, ya ce, “Wannan ai wainar fulawa ce da ta yi jinya.” Ya ɗauko robar yajinsa ya barbaɗa a kan sukarin, ya dunƙule ya jefa a baki. Ni kuwa na ci tawa yadda ta zo, kuma wallahi da daɗi, tana narkewa kafin ka tauna. Baba ne kawai bai ci ba. Ya warware tasa a hankali, ya ɗaga ta saitin taga. Ranar la'asar ta ratso ta cikinta, har inuwar yatsunsa ana gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye.

“Ku daina ci,” in ji shi. “Matar nan yunwa take ji.”

Na ce, “Haba Baba! Baturiya ce fa. Ɗanta injiniya ne.”

“Injiniya shi ne me? Ba ka taɓa ganin mai mota ya manta da uwarsa ba?”

Bakano ya so ya yi dariya da waina a baki, Baba ya harare shi, dariyar ta koma. Sai ya zauna a bakin gado ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Mahaifiyarsa mai koko da masa ce a bakin masallacin Zango. Ranar da babu a gidan, ba ta taɓa cewa babu. Ruwa take ƙara wa ƙullu. Su yara daga kaurin koko suke gane halin da gidansu ke ciki. Kuma a irin ranar ce take zuba wa maƙwabta a faranti ta aika musu, don kada kowa ya gane.

“Na san ƙullun da aka ƙara wa ruwa,” in ji Baba. “A cikinsa na girma. Ku dubi jikin matar, ku dubi wainar. Abin da ya rage mata ne ta kawo mana.”

Daga nan maganar ta tashi daga wasa, a wajensa dai. Ba za a tambaye ta ba, tona asiri ne. Ba za a miƙa mata wani abu a hannu ba, cin fuska ne. Amma faranti dole ya koma, kuma ko ba yunwa ba, a wajenmu ba a mayar da faranti ba komai a ciki. To tunda wainar take so, za a yi mata wainar, amma irin wadda mutum zai ci ya san ya ci. Burin Baba ɗaya ne: tsohuwar nan ta ƙoshi ba tare da ta san an gane ba.

Wa zai soya? Ni. Na taɓa cika baki cewa na yi zaman teburin shayin kawuna ina yaro, ina soya ƙwai, kuma Baba ba ya mantuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka shiga kicin mu uku, kicin ɗin da mutum biyu ba sa gilmawa sai sun gogi juna. Na juye fulawa a roba, na fasa ƙwai, na zuba madarar gwangwani, Baba ya ce a sa yis don ta tashi ta yi kwarjini. Bakano ya kawo shawarar albasa da attaruhu, Baba ya ce so yake ya kashe marainiyar Allah. Na kai hannu zan ɗiba ruwa in sassauta kwaɓin, Baba ya riƙe mini hannu.

“A'a, direba. Ruwan nan ai shi muke yaƙa.”

Haka na yi ta juyawa har ludayi ya tsaya a tsaye a tsakiyar roba ba mai riƙe shi. Na kwaso na manna a kaskon suyar ƙwai, na danne da bayan cokali. Waje ya ƙone, ciki yana nan ɗanye jagab. Na'urar hayaƙi da ke silin ta fara ihu, Bakano ya ɗauko sallaya yana yi mata fifita, Baba ya bar ni ya koma yana faɗan sallaya. Da ƙyar muka fitar da guda uku. Na gwada naɗe ɗaya yadda Mama ke yi, ta ƙi, ta karye biyu. Sai muka ɗora su kan juna kawai.

Baba ya sa jallabiyarsa ta Juma'a ya ɗauki faranti da hannu biyu, ni a bayansa. Tsohuwa ta buɗe, ta karɓa, hannunta ya yi ƙasa saboda nauyi. Ta danna ta sama da yatsa, yatsan bai shiga ba. Ta dube mu, ta yi godiya mai kyau irin ta mutanen kirki, ta rufe ƙofa. Baba ya dawo yana ta hamdala, ya ce yau dai za ta kwana da abu a ciki.

Ba a daɗe ba faranti ya dawo. Wainar ta fi ta farko shara-shara. Bakano ya shimfiɗa guda a kan wayarsa ya ce yana ganin ƙarfe nawa. Baba ya dafe kai.

“Innalillahi. Abin ya ƙara tsanani.”

To fa, nan aka shiga yaƙi. Duk dawowar faranti tata na ƙara ramewa, duk komawarsa tamu na ƙara ƙiba. Muka bar kasko muka koma tukunyar shinkafa, don kasko ya yi wa burin Baba kaɗan. Sai an sa wuƙa ake yanka ta. Bakano ya raɗa mata suna taya, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, shi da ke cin komai, bai taɓa neman a ɗanɗana masa ba. Ni kam na gaji. Juma'ata ta hutu ta tafi, kafaɗata na ciwo, rigunana duk ƙaurin hayaƙi. Na ce na zo Qatar tuƙin mota na ɓuge da tuƙin ƙullu. Baba ya ce lada nake samu. Na ce ladan ya ishe ni haka. Ya yi kamar bai ji ba, ya ce, “Yalla, maza ƙara fulawa.”

Da ya ga wainar Mama ba ta yi kauri ba, sai ya ce matsalar kayan haɗi ce. Ya sayo ƙaramin buhun fulawa da kiret ɗin ƙwai. Muka lallaɓa muka ajiye a ƙofarta, Baba ya ƙwanƙwasa, muka ruga a guje. Ƙarti uku, ɗaya da furfura, muna ture juna a bayan ƙofa kowa na son leƙawa ta ɗan ramin nan na gilashi. Ni na samu. Ta buɗe, ta kalli buhu, ta kalli ƙwai, ta ɗago kai ta kalli ƙofarmu kai tsaye, ta ɗaga mana hannu.

“Ta gane?” in ji Baba cikin raɗa.

Na ce, “Ina! Ko alama.”

Buhun nan gaba ɗaya ta mayar da shi waina shara-shara. Ta kawo mana tuli a tire, ta raba wa duk mutanen hawanmu, har mai sharar bene ya samu. Na ce wa Baba to ga shi, mai jin yunwa ba ya ciyar da bene guda. Ya girgiza kai, idonsa ya yi ja. Ya ce ban san komai ba. Ga fulawa a gabanta amma hannun ya riga ya saba da tsoro, haka mahaifiyarsa ta kasance har bayan da suka girma suna aika mata. Na ga abin na cin ransa da gaske, kuma tausayinsa ya kama ni.

Sai fushin ya koma kan ɗan. Baba ya daina amsa gaisuwarsa. In suka haɗu sai ya kawar da kai ya ja tsaki. Wata safiya, lif ya sake mutuwa, muna saukowa ni da Baba, mai jan gemu na hawowa daga aiki. Baba ya tsaya a tsakiyar matattakala ya tare hanya, ya ce in fassara. Ya fara daga wata tara na ciki, ya bi ta shayarwa da goyo, ya iso kan mutumin da ke gyara wa duniya jirage ya bar uwarsa tana cin waina kamar takarda. Da ya numfasa, na ce wa Baturen, wai dattijon nan na tambaya ko mahaifiyarsa na samun abinci isasshe.

Baba ya dube ni. “Na yi magana mai tsawo, ka faɗi guntuwa. Faɗa masa duka.”

Na faɗa masa duka, har da takardar. Mutumin ya yi tsuru yana kallonmu. Can sai ya zauna a kan matattakala ya fashe da dariya har fuskarsa ta yi kalar gemunsa. Da ƙyar ya iya magana. Ya ce firijinsu a cike yake, mu zo mu gani. Ya ce mahaifiyarsa ce ke kwana da damuwarmu: bayin Allah nan uku ba su da uwa a kusa, suna son wainar, suna ta ƙoƙari, amma ba wanda ya koya musu. Shi ya sa take ƙara mata laushi kowane karo, don mu ga misali. A ƙasarsu, macen da wainarta ta fi rashin kauri ita ce gwana. Buhun fulawa kuwa ta ɗauka roƙo ne a ƙaro.

“To tamu fa?” na tambaya.

Ya dafa cikinsa. Ya ce ba a zubar da abinci a gidan mahaifiyarsa, don haka shi yake ci, yanki-yanki, kullum kafin ya tafi aiki. Ya ce yanzu ba ya jin yunwa sai la'asar, kuma wandunansa sun fara ƙorafi.

Ina dariya ina fassarawa, sai na ga Baba ba ya dariya. Ya ce in tambaye shi, ita ta ci? Baturen ya ce haƙoranta ba za su iya ba. Ko sau ɗaya ba ta ci ba.

Baba ya matsa gefe ya ba shi hanya. Har muka isa wajen bas kansa a sunkuye yake. Kunya ce, na sani, amma ba ita kaɗai ba. Duk hayaƙin nan da muka sha, ko loma ɗaya ba ta shiga cikin tsohuwar ba. Da zai hau mota ya juyo ya ce mini, “To me ya sa take a bushe?”

Juma'ar da ta biyo, bayan masallaci, aka ƙwanƙwasa. Mama ce da ƙyallen girki a ɗaure a ƙugu, rungume da wani kasko, ɗanta a baya da kwalin madara. Kaskon mai faɗi ne, mai nauyi, bakinsa gajere, ya yi baƙi ƙirin. Bakano, don ya nuna shi ma ya san karamci, ya karɓa ya nufi famfo da sabulu da soson ƙarfe. Kai! Ban san tsohuwa na da wannan sauri ba. Ta ɗaka masa duka a hannu ta fizge kayanta. Ɗan ya ce kaskon na kakarta ne, sabulu bai taɓa taɓa shi ba, goge shi kawai ake yi, baƙin nan shi ke hana waina kamawa. Bakano ya koma lungu yana murza hannu, yana cewa a Kano da an kai kaskon nan ƙara.

Ta zuba fulawa 'yar kaɗan, ɗan sukari, ɗan gishiri, ta fasa ƙwai, ta ɗiga abin ƙamshin nan irin na gahawa. Sai ta fara zuba madara tana kaɗawa. Ta zuba, ta zuba, ta ƙara. Baba na tsaye yana mutsu-mutsu kamar mai jin fitsari.

“Ya isa, Mama. Khalas! Direba, ce mata ya isa.”

Na faɗa mata. Ta ƙara. Baba ya rufe ido. Ta narkar da bota a kaskon ta juye a cikin ƙullun, ta kaɗa, ƙullu ya koma ruwa-ruwa kamar kokon da aka tsinka wa jariri. Ta ɗaga kasko daga wuta, ta zuba rabin ƙaramin ludayi, ta murza wuyan hannu, ƙullu ya zagaye kasko ya rufe ko'ina. Kafin in gama mamaki gefe ya yi ja, ta zura wata doguwar wuƙa marar kaifi ta juya, ta sauke, ta barbaɗa sukari, ta naɗe tun da zafi. Ko minti ba a yi ba.

Ta miƙo mini ludayi. Ta farko ta taru a gefe ɗaya. Ta biyu ta yage. Ta uku ta naɗe a jikin wuƙa ta ƙi sauka. Duk wadda ta lalace Bakano ke kwashewa, yana yi mini addu'ar Allah ya sa kada in iya da wuri. Mama ta kama wuyan hannuna da hannunta mai sanyi ta juya tare da ni, sai ga waina ta fito da'ira sumul. Wallahi na ji daɗi kamar ranar da na karɓi lasin tuƙi.

Baba dai bai saki jiki ba. Ya ce in tambaye ta, ba don raini ba, me ya sa mutanensu suka zaɓi su yi ta haka, alhali Allah ya hore musu. Ta ci gaba da suya, ba ta ɗago ba, tana magana a hankali ina fassarawa. Ta ce ita ba ta san na sauran mutane ba, na gidansu ta sani. A ƙauye ta tashi, a bakin teku, yara da yawa. In sanyi ya yi tsawo kaji sukan daina ƙwai, fulawa ta yi ƙasa a gwangwani. Mahaifiyarta ba ta taɓa cewa babu. Madara take ƙarawa, in madara ta yi kaɗan ta ƙara ruwa, ta shimfiɗa ƙullun har kowa ya samu, a kuma ajiye na baƙo ko da zai zo. Ita ce auta, wainar da ta yage ce rabonta. Daga baya da aka samu wadata sai abin ya zama gwaninta, ana gasa da shi. Ita dai hannunta bai iya wata ba.

Ban gama fassarawa ba har Bakano ya daina tauna. Baba ya dube ni, ya dubi Bakano.

“Na faɗa muku,” in ji shi a hankali. “Na ce muku na san ƙullun nan.”

Ya naɗe hannun jallabiya ya karɓi ludayi. Tasa ta farko ta yage, ta biyu ma haka, amma bai yi ƙorafin ruwa ba ko sau ɗaya. Ya yi ta yi har hannun ya faɗa. Mama ta gaji da tsayuwa, ɗanta ya kai ta kujera a falo, Bakano ya bi su da butar shayi. Ni na rage a bakin ƙofar kicin, don haka ni kaɗai na ga abin da Baba ya yi. Ya ɗauki waina shara-shara ya shimfiɗa, ya barbaɗa sukari, ya ɗora wata a kai, ya barbaɗa, ya ɗora ta uku. Ya daidaita bakinsu, ya naɗe tam kamar guda ɗaya. Ya ɗora a farantin nan mai shuɗin furanni, ya harare ni alamar in na yi magana zan gani.

Ya kai mata da hannu biyu. “Mama, bismillah.”

Ta gutsura. Ta tsaya. Ta juyo wajen da ta gutsura ta duba, ga su nan hawa-hawa a fili, ko makaho ya gani. Ta ɗago ta kalli Baba. Baba kuwa ya duƙufa yana nazarin silin kamar bai taɓa ganin na'urar hayaƙi ba. Na gyara murya, na shirya fassara faɗa.

Sai kawai ta ci gaba da ci a hankali har ta cinye tas, ta lashe sukarin da ke yatsanta, sannan ta miƙo masa farantin. Baba ya karɓa da sauri ya koma kicin, ya juya mana baya ya fuskanci murhu. Ya daɗe yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙin bota ne. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Direba, miƙo sukarin nan.”